Abin da Surukina Ya Gani a Cikin Jininmu

Tsakiyar damina ce, lokacin da ruwa yake kwana ya wuni, kayan shanya su yi kwana uku a igiya ba su bushe ba. Shekarar ba ta zo mana da daɗi ba. Citta ta ruɓe a ƙasa tun ba ta kai ko'ina ba, ganye ya yi rawaya, in ka tona sai wari. Mutane suna haɗuwa a hanyar gona su gaisa, ba mai tambayar wani yaya aiki. A cikin wannan hali ne surukina, mahaifin mijina, ya rasu, wata Talata da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta katako a bakin ɗaki, ya miƙe ƙafafu cikin 'yar ranar da ta leƙo.

Kafin yamma gidanmu da ke gefen Kagoma ya cika. Dangin matarsa marigayiya sun zo daga Manchok cikin bas guda, 'ya'yan ƙanensa sun zo daga Gwantu a kan babura, jiƙe sharkaf. Zumuntar matan coci suka kawo tulunansu na kiɗa suka zauna a rumfa. Dattawan Fulani uku daga rugar bayan rafi suka zauna a gindin mangwaro, ɗayansu ya naɗe hannun riga yana nuna wa duk wanda ya tsaya tabon da ƙahon saniya ya bar masa, yana cewa Baba ne ya ɗinke shi, kuma yana ɗinki yana yi masa faɗa. Shekara talatin da wani abu Baba ya yi yana aikin dispensa a ƙaramin asibitin mishan, don haka kusan kowa a wurin yana da wani sashe na jikinsa da Baba ya taɓa.

A wurinmu tsohon da ya ga jikoki ba a yi masa makokin baƙin ciki. Ranar jana'iza jikokinsa suka ciro tsohuwar farar rigarsa ta aiki, babbar cikinsu ta saka, ta ɗaura tabarau, ta riƙa bin baƙi tana ja musu fatar ido ƙasa tana leƙawa, tana tambaya cikin muryarsa ko sun sha ruwa yau. Har fasto ba ta bari ba. Mutane suka yi dariya har da share hawaye. Da fasto ya tashi wa'azi ya ce Baba ginshiƙi ne, ko da yake, in ji shi, yana da wasu ra'ayoyi nasa. Dattawan ikkilisiya suka sunkuyar da kai suna murmushi.

Ni ina madafa ina tuƙa tuwo. Matan da suke taya ni suka ga idona suka ce wa juna, dubi yadda take ƙaunar surukinta. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba su san sauran ba. Shekara shida ke nan ban yi addu'a ba. Ina zuwa sujada a coci, ina motsa baki, in an ce amin in ce amin. Amma tun ranar da muka binne 'yata ta biyu ban buɗe baki na yi wa Allah magana ba. Baba kaɗai ya san wannan, shi ne kuma yake kai gaisuwata wurin Allah. Yanzu ga shi a cikin akwati, ba kowa tsakanina da Allah.

A ajin manya na koyi rubutu, bayan haihuwata ta uku, Baba ne ma ya matsa mini in shiga. Hannuna ba shi da sauri. Ina rubuta wannan ne don kada jikokinsa su tuna da farar riga kawai.

Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya sai a kan abu biyu: yaron da aka bari da zazzaɓi a gida, da ruwan da aka bari ya kwanta a bayan ɗaki. In ya kashe sauro a hannunsa sai ya dube shi ya ce, kai ma halitta ne, amma yi haƙuri. Da safe yakan zauna a bakin ɗakinsa ya yi addu'a da yarenmu, da ƙarfi, ido buɗe, kamar mai magana da yayansa. Wani lokaci godiya, wani lokaci ƙorafi. Na taɓa jin yana tambayar Allah dalilin da ya sa ya yi gwiwa in ya san ba za ta kai mutum ƙarshen tafiya ba.

'Yata ta biyu da sikila aka haife ta. Tana wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, tana kuka ba a iya taɓa ta. Tun daga nan damina ta zama abin tsoro a gare mu, don sanyi ne yake tayar mata da ciwon ƙashi. Baba yana kiranta amaryata, irin wasan kaka da jika. Da ta iya magana takan ce ita ba za ta auri tsoho mai warin maganin asibiti ba, shi kuma ya ce ai an riga an ɗaura, sai haƙuri. In ciwon ya tashi shi ne yake zama da tsumma da ruwan ɗumi yana gasa mata gaɓoɓi, wuni guda, yana lallaɓa ta ta sha ruwa kofi bayan kofi. Tana da shekara goma sha huɗu ta rasu a asibiti a Kafanchan, da rana tsaka, ana sayar da gasasshiyar masara a bakin ƙofa.

Masu ta'aziyya na wancan lokaci kowa ya zo da bayaninsa. Wasu suka ce nufin Allah ne. Fasto ya zauna da ni cikin tausayi ya ce mutuwa ta shigo duniya ta wurin zunubin iyayenmu na farko, ba laifin yarinyar ba ne ita kaɗai. Wata gwaggon mijina kuwa ta ce a gaban mutane akwai abin da aka ɓoye a gidan nan ba a tuba ba, ko nawa ko na kakanni, in ba haka ba yaro ba ya shan wuya irin wannan. Baba ya tashi ya ɗauko mata jakarta da kansa, ya raka ƙanwarsa har bakin hanya, ya tsayar mata da mai babur. Ba ta sake kwana a gidan ba sai ranar jana'izarsa.

Amma maganarta ta zauna mini. Na bi rayuwata ɗaki ɗaki ina neman zunubin. Na tuna ƙaryar da na yi wa uwata ina yarinya, na tuna kazar maƙwabciya da na jefa da dutse ta karye. Na tuba a kan kowanne. Baba ya lura ina ramewa.

Da rani ya shigo, wata rana muna zaune mu biyu muna tsaga citta don shanya, ya ce zai gaya mini abin da ya gani da idonsa. Yana saurayi, wata likita a asibitin mishan ta kira shi ya leƙa cikin madubin da ake duba jini da shi. Jinin mai lafiya ƙwayoyinsa kewayayyu ne. Na wani yaro da ke kwance kuwa sun lanƙwashe kamar lauje. Likitar ta bayyana masa cewa abin gado ne, kashi ɗaya daga uwa, kashi ɗaya daga uba. Wanda ya gaji kashi ɗaya kawai lafiyarsa lau, har ma zazzaɓin cizon sauro ba ya saurin kashe shi. Wanda ya gaji biyu shi ne mai sikila.

Ya ce in yi tunanin kakannin kakanninmu a gindin duwatsun nan, ba gidan sauro, ba magani. Zazzaɓi yana kwashe yara kowace damina. Masu kashi ɗaya ɗin nan su suka fi tsira, suka girma, suka haifa, 'ya'yansu ma suka haifa, har abin ya yaɗu a cikinmu. Ya ce haka halittu duka suke canzawa a hankali, tsara bayan tsara, wanda ya dace da wurin ya rayu ya bar iri. Abin da littafin makarantar babban ɗana yake kira juyin halitta ke nan. Ya ce ba la'ana ba ce, ba zunubina ba ne, jinin da ya raya garin nan ne ya haɗu biyu a jikin yarinya ɗaya.

Don ya kwantar mini da hankali ya faɗa. Abin ya juye. Da ina tsammanin laifina ne, aƙalla akwai abin da zan tuba a kai, Allah kuma yana nan da adalcinsa. Yanzu an gaya mini a cikin ginin duniyar abin yake.

Na ce, "Wato Baba, tun kafin a haife ni an shirya wasu yara za su sha wannan azaba domin sauran su rayu? To wa ya shirya?"

Wuƙarsa ta tsaya a cikin cittar.

"'Yata, tambayar da nake yi masa ke nan shekara arba'in."

Da ma ya tsaya a nan. Amma ya ci gaba, ya ce akwai abin da ya daɗe yana riƙe da shi. 'Ya'yansa biyu, yayyen mijina, da wannan ciwon suka mutu suna ƙanana. Lokacin da mijina ya kawo maganata, Baba ya ji labarin cewa wani wana ya rasu yana yaro da kumburin gaɓoɓi. Ya san ma'anar hakan. Ya san a lokacin ana iya gwada jini a Kafanchan. Amma ikkilisiya duka tana murna, matarsa ta riga ta fara kirana 'yarta, kuma a zamanin duk wanda ya ce a gwada jini kafin aure sai a ce ba ya dogara ga Allah. Shi dattijon ikkilisiya ne. Ya ce wa kansa bangaskiya ce ya yi shiru. Ya yi shiru.

Na ajiye wuƙa na tashi. Ranin nan gaba ɗaya ban gaishe shi ba. Wanda ya san mu ya san girman wannan, matar ɗa ta wuce uban mijinta ba ta rusuna ba. Nakan ajiye masa abinci in juya. Bai kai ƙarata wurin mijina ba, bai gaya wa kowa ba. Sai ya zama shi ne yake fara gaishe ni. Kowace safiya in na fito da tsintsiya sai in ji, 'yata, kin tashi lafiya? In yi kamar shara ta hana ni ji.

Ruwa ya sauka, ina noman farko a gonar dawa, sai na ga tsoho yana tahowa da fartanya a kafaɗa. Ya kama kunyar da ke kusa da tawa. Muka yi ta tafiya ba magana, yana nishi, ina jinsa. Da muka kai ƙarshe ya zauna a kan tudun gara ya ce ya yi ta juya abin a ransa. Da ya yi magana a wancan lokaci, yarinyar ba za ta sha wuya ba, don ba za a haife ta ba. Ita da 'yan'uwanta uku.

"Na yi laifi, ban ɓoye ba. Amma na rasa yadda zan yi nadamar abin ba tare da na yi nadamar amaryata ba. Ita kuwa ba zan iya ba."

Ya ce wani lokaci yakan yi tunanin ko duniyar ma haka take, mai daɗin da mai ɗacin ta hanya ɗaya suka zo, ba a raba su. Sai ya yi sauri ya ƙara da cewa kada in ɗauki wannan da nisa, shi mutum ne da ya ji tsoron bakin mutane, Allah kuwa ba tsoron kowa yake ji ba, don haka uzurin ba ɗaya ba ne. Na miƙa masa gorar ruwa. Da safe na riga shi gaisuwa.

Rigimarsa da fasto ta biyo baya. Baba yana koyar da ajin manya ranar Lahadi, sai wata rana ya ce musu kura tana cin 'yan dabbobi tun kafin a yi mutum a duniya, to zunubin wa suke ɗauka? Kafin mako ya zagayo an karɓe ajin daga hannunsa. Fasto ya zo gida, suka zauna a gindin mangwaro, ina jinsu daga madafa. Fasto ya ce in mutuwa da ciwo suna nan tun farko, ba zunubi ya kawo su ba, to ina nagartar Allah, me kuma zai gaya wa gwauruwa ranar jana'iza? Ba da fushi ya tambaya ba, na ji a muryarsa shi ma abin yana damunsa. Baba ya ce bai sani ba. Ya ce abin da ya sani shi ne ba zai musanta abin da ya gani a cikin madubi don ya kare Allah ba, Allah ba ya bukatar ƙaryar tsohon dispensa. Ba su shirya a kan maganar ba har ya mutu. Amma fasto ɗin nan, da bakinsa, shi ya sanar daga baya cewa ba zai ƙara ɗaura aure ba sai an kawo takardar gwajin jini. Ajin dai bai mayar wa Baba ba. In sun haɗu Baba yakan ce, ranka ya daɗe mai korar tsofaffi, fasto ya ce, sannu jikan biri, su tafa.

A cikin wannan daminar ce na gaya masa ba na iya addu'a. Na ce in na durƙusa sai in ji kamar ina gaida wanda ya zana ciwon da hannunsa. Na zaci zai kawo mini wa'azi. Ya ce to. Ya ce in bar masa, zai riƙa kai gaisuwata har in samu ƙafa. Daga ranar, kowace safiya ina shara yana addu'arsa, sai in ji ya sako ni a tsakiya, tsakanin ruwan sama da ciwon gwiwa: ga 'yata nan tana shara, har yanzu tana fushi da kai, ni ma ban ga laifinta ba. Sai ya wuce zuwa wata magana. Haka muka yi shekaru. Ba wanda ya lura, don gida ya saba da surutunsa na safe.

Makonni kaɗan kafin ya rasu na kai masa kunu, ya ce in zauna. Na tambaye shi abin da ya riƙe shi duk shekarun nan, shi da ya binne 'ya'ya biyu da jika, ya kuma san hanyar da ciwon ya biyo. Ya ce abu ɗaya ne. Wanda ya bar duniya ta bi wannan doguwar hanya bai tsaya a gefe yana kallo ba. Yesu daga jikin mace ya ɗauki jini, jinin mutane, wanda shi ma ta wannan hanyar ya zo da duk lanƙwasarta, ƙusa kuma ta shiga masa tsakanin ƙasusuwa.

"Ban ce wannan ya amsa tambayarki ba. Na ce dai wanda kike fushi da shi ya san ciwon ƙashi."

Ya ce in ya isa can zai fara neman amaryarsa, ya ga yadda take gudu, sannan ya je ya yi tambayar. Na ce to ta wace mota zai aiko mini da amsa? Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce ni dai na saba a yi mini komai. Da tarin ya lafa ya ce ɗan aiken ya kusa ajiye aiki. Ya ce sai in je da kaina, ko da faɗa ne zan je yi, don shi a saninsa ba a korar mai faɗa a can.

Bayan jana'iza baƙi suka fara raguwa. Aka kwashe kujerun coci, aka mayar da tukwanen aro. Mijina mutumin kirki ne, amma baƙin cikinsa a gona yake yinsa, ya fita da sassafe ya dawo ya yi shiru. Yarana sun koma makaranta da wurin aiki. Na fito da tsintsiya safiya ta farko, ta biyu, ta uku, tsakar gida ba murya. Ban san tsintsiya tana da ƙara haka ba. A da ina fushi amma ana ambatona. Yanzu na ga in ban yi magana ba, ba wanda zai ce ga ni nan.

Ranar da za a tashi daga zaman makoki, da la'asar, wata yarinya ta shigo madafa ta tsaya a bayana. Matar jikan ƙanen Baba ce, daga Gwantu, aurensu bai kai shekara biyu ba. Ta kwance goyo ta miƙo mini hannun jaririn. Yatsun sun kumbura, sun yi sheƙi, da na taɓa kaɗan ya tsandara kuka. Ta ce tun watan jiya take so ta kawo shi wurin Kaka ya duba, ruwa da hidima suka hana, sai ga saƙon mutuwa. Ta ce surukarta ta ce bakin mutane ne, a wani gidan addu'a kuma an ce ta yi azumin kwana bakwai ta bincika zuciyarta. Tana shayarwa, ta yi kwana huɗu tana azumin.

"Mama, me na yi?"

Na ce ba ta yi komai ba. Na zuba mata fate na tsaya a kanta har ta cinye. Na ɗora ruwa na nuna mata yadda ake gasawa da tsumma, na ce gobe za mu je Kafanchan a gwada jininsa, kuma ko me aka gani yanzu akwai magungunan da babu su a zamanin 'yata. Ta ce in yi masa addu'a, ni da na zauna da Kaka. Na ce bari in sauke tukunya. Na sauke, na wanke, na sake wanke wadda take da tsabta, har aka kira ta waje.

Washegari ruwa ya ɗauke. Na naɗe yaron cikin zanena mai kauri, muka tari babur zuwa bakin titi, muka shiga bas. A asibiti aka ba mu kati aka ce mu jira. Muka zauna a benci cikin mata da yara, ita tana jijjiga shi, ni ina kallon ƙofar da na taɓa fitowa ta cikinta hannu wofi. Can ta juyo ta ce, Mama, jiya ba ki yi ba.

Na ɗora tafina a bayan yaron. Yana da zafi, ina jin numfashinsa yana hawa yana sauka. Ban rufe ido ba. Na yi maganar da yarenmu, a hankali, muryata kamar ta wata.

"Ni ce. Ban huce ba, tambayata kuma tana nan. Amma ga wani yaro. Ka zo ka zauna da mu."

Yarinyar ta jira ta ji ko akwai saura. Da ta ga babu sai ta ce amin. Nas ta leƙo ta kira lambarmu, na ɗauki jakar, muka tashi.